Takabar Matar Barde

A shekarar da Tsaunawa suka kewaye Birnin Kalanga, zamanin Sarki Tunau ɗan Bagudu, abu ya kai har ungulu ta daina jin kunyar fada. Ranar da aka yi zaman da zan ba da labarinsa, da hantsi, wata ƙatuwa ta sauko ta zauna a kan zankon soron sarki. Dogarai suka yi ta jifa, ta ƙi tashi. Kowa ya gani, kowa kuma ya shiga zauren fada da abin a ransa.

Tun da kaka Sarki Ƙosau na Tsaunawa ya kafa sansani a hayin kogi, ya tare hanyoyi. Rumbuna suka yi ƙasa, har gidajen da a da ake zuba wa dawaki dusa suka koma tuƙa ta. Wuri biyu ne ake iya afka wa birnin: Ƙofar Dutse ta gabas, da Ƙofar Fadama ta yamma, inda damina ta zubar da ganuwa aka yi mata faci. Mayaƙan da suka rage sun isa tsaron ƙofa ɗaya, ba su isa biyu ba. Ga shi kuma Barde Nomau, mutumin da Tsaunawa ke shakka fiye da ganuwar kanta, yana kwance a gida. A karon baya kibiya ta same shi a haƙarƙari, abokan gaba suka ga ya faɗo daga kan doki, aka ja shi ciki aka rufe ƙofa. Ko ya mutu ko yana raye, Ƙosau bai sani ba, wannan rashin sanin ne kaɗai ya hana shi far wa birnin.

Da sarki ya zauna, dogarai suka yi gyara kimtsi, Galadima ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Allah ya ja zamanin Zaki. Daga kan ganuwa kowa yana ganin tsanin da suka tara daura da Ƙofar Dutse. Ba a sassaƙa tsani don ado. Ta gabas za su zo, a kai dakarunmu can."

Kaura, shugaban mayaƙa, ya girgiza kai. "Allah ya ba ka nasara, abin da maƙiyi ya ajiye a fili don ka gani, shi ne abin da ba zai yi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangonmu kuwa ta yamma ya tsage."

"Ta yamma laka ce," in ji Galadima. "Wane doki zai ratsa fadamar nan?"

Haka suka yi ta yi, kowa yana ƙara murya, don mai tsoro ya fi kowa iya ɗaga murya a majalisa. Sarki ya bar su har suka gaji, sannan ya tambayi labarin 'yan leƙen asirin da aka aika. An aika wani cikin kayan fatake, an aika wani yana kora awaki, an aika wani wanzami. Dukkansu kawunansu suna kan tsinin mashi a bakin kogi, an juyo da fuskokinsu wajen birni.

Nan ne Magajiya Gwamma ta yi gyaran murya. Gwaggon sarki ce, ita ke riƙe da al'amuran matan birni. Tsohuwa ce 'yar firit, amma in ta yi gyaran murya ko Kaura sai ya gyara zama.

"Allah ya ja zamanin Zaki. Kun aika maza, an mayar muku da kawunansu. To akwai mutum guda a ƙasar nan da ba a tare shi a hanya, ba a laluba jikinsa, ba a ko ɗaga ido a dube shi. Mu da Tsaunawa mun saɓa a komai, amma a wannan al'adarmu ɗaya."

Sarki ya ce, "Wane ne, Gwaggo?"

"Mai takaba."

Gaskiya ta faɗa. A Kalanga da ƙasar Tsaunawa duka, an ɗauka cewa namijin da ya haɗa ido da mai takaba, ko zanenta ya taɓa shi, to matarsa ce za ta ɗaura zanen nan gaba. Jarumin da ke shiga ruwan kibau yana dariya, in ya hango farin zanen nan a lungu sai ka ga ya tuna da wani uzuri a wata hanyar.

Galadima ya ce ai masu takaba sun yi yawa a birnin bana, a zaɓi ɗaya.

"Kowace aka aika, a gefen sansani za a bar ta," in ji Magajiya. "Guda ce za a kai har gaban Ƙosau, don amsar da yake nema tana jikinta. Matar Barde."

Liman ya yi zumbur ya ɗago. "Allah ya taimaki sarki, Barde fa yana da rai! Takaba ba rigar salla ba ce da za a ara a mayar. Macen da ta ɗaura zanen nan mijinta yana numfashi, ta share wa mutuwa hanya har ƙofar ɗakinsa. Ni ba na cikin wannan."

Sarki ya ce, "Ba zan tilasta wa matar bawana ba. A kira ta, ta ji da kunnenta."

Hakama ke nan, matar Barde. Ba zan yi muku ƙarya in ce jaruma ce ba. Mace ce mai tsoro, wadda ko ɓera ya gilma sai ta daka tsalle, kuma duk unguwarsu an san haka, ana tsokanarta da cewa Barde ya kwashe zuciyar gidan duka bai rage mata ko kaɗan ba. 'Yar wani ƙauye ce a hayin kogi, ba ta da kowa a birnin sai mijinta. Ta durƙusa a bakin zauren, Magajiya ta yi mata bayani.

"Ranki ya daɗe, ki yi mini rai," ta ce. "In na ɗaura, abin ya bi shi fa?"

"'Yata, in birnin nan ya faɗi, gidan wa kike tsammani Ƙosau zai fara nema? Mijinki yana kwance. In kin ƙi ta ƙarya, ta gaskiya za ki yi, kuma ba ke kaɗai ba."

Hakama ta ce a bar ta ta tambaye shi.

Ta same shi jingine da bango, an ɗaure masa ƙirji da ƙyallen sawaye, yana ƙoƙarin ɗaga takobi da hannun dama don ya gwada ƙarfinsa. Da ya ji saƙon sai ya yi dariya, dariyar ta taɓa ciwon, ya dafe wurin.

"Ikon Allah. Ba kowane namiji ke ganin takabarsa da idonsa ba."

"Maigida, don Allah ka daina."

"To ke, kibiyar Tsaunawa ba ta kashe ni ba, sai saƙin auduga?" Ya ga hawaye ya zubo mata, ya bar wasan. "Hakama, ni ma ba na so. Amma in an gaya mini ƙofar da za su zo, zan iya hawa doki sau ɗaya. Sau ɗaya kaɗai, ba zan iya zagaya birni ina nemansu ba. Je ki gano mini ƙofar. In kin dawo, da hannuna zan kwance zanen nan."

A gidan Magajiya aka shirya ta. Tsofaffi suka tsefe mata kitso, suka wanke kwallin idonta, suka zare mundaye da 'yan kunne, suka ɗaura mata farin saƙi, suka danƙa mata 'yar wuƙar da mai takaba ke riƙewa. Magajiya ta ja ta gefe ta nuna mata abin da za ta yi. Mai takaba tana wanka da wankin zanenta duk Juma'a, ba mai hana ta. A mashayar kogi, inda ake hangowa daga kan ganuwa, akwai falalen dutse, akwai kuma wani tsohon itacen marke. In ta gabas za su zo, ta shanya zanen a kan dutsen. In ta fadama ne, ta rataye shi a kan marken.

Sai aka buga tambarin rasuwa. Matan birni suka fasa kuka daga unguwa zuwa unguwa, don Magajiya ta ce a yi shi yadda za a ji har hayi. Hakama tana tsaye tana jin ana kukan mutuwar mijinta, shi kuwa yana bayan katanga yana shan kunu. Aka raka ta har bakin ƙofa.

Ta fita ita kaɗai da rana tsaka. Ta ratsa mashigin kogi, ta wuce kawunan nan da ke kan tsinin mashi, ba ta yarda ta dube su ba. Masu gadin Tsaunawa suka taso da ihu, suna isowa kusa suka ga farin zane da tsefaffen kai da wuƙa, suka tsaya cak kamar an ja musu linzami. Babbansu ya juya mata ƙeya ya yi tambaya yana kallon daji.

"Baiwar Allah, takabar wa?"

Ta ce, "Ta Barden Kalanga. Gidan na sarauta ne, an naɗa wani, an ce in fita. Garinmu za ni in ƙarasa."

Kafin ta rufe baki mai doki ya zabura zuwa rumfar sarki.

Sarki Ƙosau ya karɓe ta yana zaune a karkace, ya ja amawali ya rufe har idonsa, hakimansa duk sun sunkuyar da kai. Mutumin da ya ci garuruwa da dama, ga shi yana tsoron kallon mace mai tsefaffen kai. Ya sa aka kira Jakadiya Yada, tsohuwar da ke kula da matan sansani, doguwa mai tsagen Tsaunawa a kumatu, wadda ta binne maza biyu, saboda haka ba ta da abin gudu a jikin mai takaba.

"Jakadiya, duba mana. Mutanen Kalanga sun iya buga tambari."

Jakadiya ta zagaya ta. Ta shafa gashinta, ta buɗe idonta ta duba ko da sauran kwalli, ta shinshina zanen ko da turare. Sannan ta tsaya a gabanta.

"'Yar nan, kama sunansa. Ki kama sunansa, ki yi masa addu'ar da ake yi wa wanda ya riga mu."

Tun ranar da aka kai ta gidansa Hakama ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, ba mace mai kunya da ke yi. Yanzu ana so ta kira shi a gaban maza, ta haɗa shi da addu'ar matattu, da bakinta, yana raye. Ta tuna maganar Liman. Ta ji kamar in ta furta, can cikin birni numfashinsa zai tsaya a daidai lokacin. Ta ji wani dogari ya taɓa kuben takobinsa.

"Nomau," ta ce. "Allah ya jiƙan Nomau. Allah ya sa ya huta, ya haskaka makwancinsa."

Sai ta zube ƙasa tana kuka, kukan da ba a koya wa mutum. Jakadiya ta dube ta, ta juya ga sarki.

"Allah ya ba ka nasara, wannan kuka ba na haya ba ne. Na shaida, Barde ya mutu."

Ƙosau ya yi hamdala, maroƙa suka ɗauki kirari. Amma bai bar ta ta wuce ba. Ya ce a ajiye ta wurin mata har a ci birni, kada wani labari ya riga shi ƙetare ƙasa.

Aka ba ta 'yar bukka a gefen madafa. Zaman nan shi ne mafi muni a rayuwarta. Ba ta iya cin abinci. Duk sanda iska ta kawo ƙarar ganga daga birni sai gabanta ya faɗi, ta kasa kunne, ta ce ko wannan karon na gaske ne. In Jakadiya ta gilma sai ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi a baya. Amma abin da Magajiya ta hango ya tabbata. Da yake ba namijin da ke kallonta, sannu a hankali suka manta tana da ido da kunne. Sukan tsaya kusa da bukkarta, sun ba ta baya, suna hirarsu kamar turmi ne a wurin.

Tsanin nan da Galadima ya gani suna nan jibge ta gabas, rana tana dukansu, ba mai kula su, har gara ta fara cin na ƙasa. Aikin da ake yi ba ji ba gani a bayan sansani yake, inda ba a hangowa daga birni. An tara bayi da matan sansani suna yankan gamba suna saƙa zana, zana mai kauri ninki biyu, ba irin ta shinge ba, ana tarawa har ta fi bukka tsawo. Da fari Hakama ba ta gane ba. Sai ranar da ta ga an shimfiɗa guda a kan taɓon bayan madafa, wani barde ya hau da dokinsa ya bi ta kai ya dawo, kofaton bai nutse ba. Ta ji yana ce wa abokinsa, "Laka ta zama hanya. Juma'a ta wuce, mu karya kumallo a fadar Tunau."

Ranar Juma'a da hantsi ta ɗauki ƙwarya da sabulun salo ta nufi mashaya, ta yafa wani tsumma. Ba ta yi nisa ba ta ji takun mutum a bayanta. Jakadiya ce.

"Mu je in raka ki, 'yar nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

A mashayar akwai wasu dakaru suna shayar da dawaki, da suka gan ta suka matsa gefe suka juya baya. Ta yi wanka a bayan duhuwa, ta wanke farin zanen, sabulun ya suɓuce mata ya bi ruwa. Ta matse zanen ta nufi marken.

"Ina za ki?" in ji Jakadiya. "Ga dutse da zafinsa, yanzu zai bushe. Kowa a nan yake shanya."

"Inna, a kan itace na saba."

"A kan dutse na ce."

Ta karɓe zanen daga hannunta, ta baza shi a kan falalen da kanta, ta ɗora tsakuwa a kusurwoyinsa. Hakama ta ɗaga ido. Can a kan ganuwa ta hango ɗigon mutane, ta san ita suke kallo. In suka tafi da wannan amsa, za a kwashe dakaru a kai gabas, Barde ya hau dokinsa sau ɗayan nan a ƙofar da ba kowa, Tsaunawa su shiga ta fadama su same shi ta baya. Da hannunta ta kashe shi ke nan, ta kashe birni. Ba dabara ce ta zo mata ba, tsoro ne ya matse ta har maganar ta fito da ƙarfi, yadda dakarun za su ji.

"Inna, ba a nan mazan nan suke zama su wasa takubbansu ba? Ni dai ba ruwana. Duk wanda ya zauna inda zanen takaba ya kwanta, ku kuka san abin da ke binsa, ga yaƙi a gaba."

Dakarun suka yi tsalle kamar an taka musu wutsiya. Babbansu, har yanzu yana ba da baya, ya daka tsawa.

"Jakadiya! So kike ki ƙarar da mu? Ɗauke shi daga dutsen nan! A rataye shi sama, inda ba mai taɓawa!"

Sauran suka ɗauka, wani yana tofa addu'a, wani yana ɗebo ruwa a kwalkwalinsa zai wanke dutsen. Jakadiya ba ta da yadda za ta yi. Hakama ta janye zanen, ta miƙa ta rataya shi a reshen marke mafi tsawo da hannunta ya kai, ta baza shi sosai, iska ta ɗaga shi. Ta zauna a gindin itacen. Da ta saci kallon ganuwa, ɗigon mutanen nan suna nan, sai daga baya ɗaya ya ɓace da sauri.

Jakadiya ta zo ta zauna kusa da ita. Ta yi magana a hankali, yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Sau biyu na ɗaura zanen nan. Kin san abin da na sani game da shi? Mai takaba ba ta da tsoro. Abin da take tsoro ya riga ya faru. Ke kuwa tun da kika zo, ko ganga aka taɓa a birnin can sai kin zabura. Mijinki yana da rai."

Hakama ta ji duniya ta juya mata. Ta damƙe 'yar wuƙarta, ita kanta ba ta san me za ta yi da ita ba.

"Sake wuƙar, ba inda za ni," in ji tsohuwar. "Ni na tsaya gaban sarki na ce na shaida. In na koma na ce na yi kuskure, kaina ne zai riga naki hawa mashi. Kin ɗaure ni da bakina, 'yar nan, Allah ya isa tsakanina da ke." Ta miƙe ta kaɗe zanenta. "Amma ki ji wannan daga wadda ta sani. Zanen nan ba ya karɓar aro."

Washegari rana na fitowa Tsaunawa suka tashi. Aka bar 'yan tsiraru ta gabas suna kaɗa ganguna suna ɗaga tsani don a ruɗi masu gadi, rundunar kuwa ta kwarara yamma. Hakama da matan sansani suka hau tudu suna kallo. Bayi suka ruga gaba suna shimfiɗa zana a kan laka, ɗaya bayan ɗaya, har hanya ta miƙe zuwa facin ganuwa. Dawakin lifidi suka hau, 'yan sulke suna biye, Ƙosau da lemarsa a tsakiya. Daga birni ko tari ba a ji ba. Hakama ta ce a ranta shi ke nan, amsar dutse suka ɗauka.

Sai da rabin rundunar ta hau kan zana, sannan ganuwar ta yi baƙi da 'yan baka. Kibau masu wuta suka sauko, ba a kan mutane ba, a kan busasshiyar gamba. Wuta ta kama ta gaba, ta kama ta baya. Dawakai suka firgita suka faɗa laka har ƙirji, masu lifidi suka kasa ko juyawa. Ana cikin haka Ƙofar Fadama ta buɗe, aka busa ƙaho, aka kaɗa wani take da kowane Batsaune ya sani, taken da suka ɗauka an binne shi. Ga Barde Nomau a kan baƙin dokinsa akawali, ba kwalkwali a kansa don kowa ya ga fuskarsa, Kaura a damansa, duk mayaƙan Kalanga a bayansa.

"Fatalwa!" wani ya yi ihu. "Barde ya taso!"

Daga nan ba yaƙi aka yi ba, kora ce. Na gaba suka juyo suka tattake na baya. Lemar Ƙosau ta faɗi cikin taɓo, shi kansa da ƙyar wani bawa ya ja shi ya ɗora a kan alfadari. Kafin rana ta take tsaka sansanin ya watse, an bar tukwane a kan murhu. Jakadiya ta wuce Hakama da ƙunshinta a ka, ba ta ko dube ta ba.

Hakama ta gangaro tudun da gudu. Ta ga Barde da idonta, a kan doki, yana raye. Tana gudu tana dariya tana kuka, tana ce wa kanta Liman bai faɗi daidai ba, tsohuwar nan ma baƙin ciki ne ya sa ta. Yau za a kwance zanen nan, gobe ta zauna a yi mata kitso. Ta ratsa kogi, ta bi gefen fadama tana tsallake gawarwaki, ita da ke gudun ɓera.

A bakin ƙofa mata suna ta guɗa, ana yi wa sarki barka. Da suka gan ta sai guɗar ta fara mutuwa, daga na kusa zuwa na nesa. Aka buɗa mata hanya. Magajiya tana tsaye, Liman a gefenta. Tun ranar da Hakama za ta fita, Magajiya ta yi mata alkawarin za ta tarye ta da sabon zane rinin shuni. Hakama ta dubi hannun tsohuwar, ba komai a ciki.

"Ranki ya daɗe, ina yake? Ya ce shi zai kwance mini."

Magajiya ta kama hannunta, wanda ya riga ya kai ga ƙullin zanen, ta riƙe.

"Bar shi, 'yata. Kada ki kwance."

Ciwon Barde ne ya buɗe tun a karon farko. Bai gaya wa kowa ba, ya sa aka ɗaure shi da sirdi, ya yi ta kora har sai da ya ga bayan Ƙosau. Da dokin ya juyo gida, gawa ya kawo.

Aka buga tambari, irin bugun ranar nan, ba bambanci ko kaɗan. Matan da suka cika birni da kuka wancan karon suka tsaya tsuru-tsuru, kunya ta hana su farawa. Hakama ta tsaya tana sauraron tambarin har ya yi shiru. Ta lura gabanta bai faɗi ba. Ta nemi tsoron nan da ya bi ta tun daga zauren fada har gindin marke, ta neme shi ko'ina a jikinta, babu shi.

Ta juya wajen Liman, shi kuwa ya kawar da kai ya dubi ƙasa, yadda ake yi wa mai takaba.

"Allah ya gafarta malam, kwanakin da na yi a hayi suna cikin lissafi, ko daga yau zan fara?"

Ya ce, "Daga yau, 'yata."

Ta ƙara tamke ƙullin zanen, ta gyara riƙon wuƙarta, ta shiga birni. Mazan da suka ci yaƙi suka dare gefe biyu, kowa ya juya mata baya har ta wuce.